Kuɗin yaran riƙo su bi gidan da suke cin tuwo

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci min rai.

Yayana ya rasu ya bar yara uku, uwarsu ta yi aure a Tanut, biyu suna hannuna yanzu shekara ta 4 kenan. Da yake ma'aikacin kamfani ne ana cire masa kuɗin CNSS, wato asusun fanshon ma'aikata, to yaran suna da haƙƙin fanshon marayu. Aka yi zaman dangi, aka rubuta takarda aka kai kotu aka buga hatimi, sunan babban wanmu aka sa a matsayin waliyyi saboda shi ne babba kuma namiji, ni ma na yarda a lokacin dan ban san abin da zai biyo baya ba.

Yanzu shi ke amsar kuɗin, ni ke riƙon yara. In lokacin sabunta takardu ya yi ni ake aikowa in je lakwal in amso shaidar suna karatu, ni zan tsaya layi da rana, amma ranar biya ko waya babu. Watan Oktoba da aka koma karatu sai da na sayar da akuyata a kasuwar Dole na sayi kaye da bik da takalma, ƙaramin yana ta riƙe igiyar yana kuka wai tasa ce. Da na yi magana sai aka ba ni jika biyar aka ce in yi haƙuri kar in ɓata zumunci.

Wallahi ba gidanmu kaɗai ba ne. Wani uban yana Aljeriya ko wajen zinariya a Jado yana turo kuɗin ɗansa, kuɗin na sauka hannun wani, yaron kuma yana gidan kaka ko sabulu babu.

Kuma fa addini bai bar abin nan a duhu ba. A Suratun Nisa'i aya ta 6 an ce waliyyi mai wadata ya kame hannunsa, talaka ya ci gwargwado, kuma ranar miƙa wa maraya dukiyarsa a kafa shaidu, aya ta 10 kuwa wuta aka ce mai cin ta da zalunci yake zubawa a cikinsa. To shaidu za su shaidi me in ba a taɓa rubuta ko dala ba?

Roƙona ga alƙalai da masu unguwanni da limamanmu na Damagaram, in za a yi zaman dangi a fara tambaya wa ke ciyar da yaron, ko mace ce a sa sunanta a takardar. Kuma a tilasta kaye ɗaya, abin da ya shigo da abin da aka kashe, duk shekara a karanta gaban mutum biyu. Ni na riga na sayi nawa, har kuɗin akuyar na rubuta a ciki.

Wata gwaggon marayu,
unguwar Birni, Zinder