Rai ba na likita ba ne

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan dokokin da ke ba likita izinin ɗauke ran marar lafiya idan ya nema. Holan da Beljiyam sun fara aiki da irin wannan doka a 2002, Beljiyam ta faɗaɗa tata har zuwa kan yara a 2014. Kanada ta bi sahu a 2016, kuma a 2021 ta cire sharaɗin cewa sai mutum yana bakin mutuwa. Ni Kirista ne, kuma yadda ƙofar ke ƙara buɗewa yana tayar mini da hankali.

Ayar Farawa 1:27 a Littafi Mai Tsarki ta ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa. Darajar nan ba ta raguwa don mutum ya kwanta, ko ya daina gane 'ya'yansa. Wanda nake jiye wa tsoro shi ne tsohon da ya ga masu jinyarsa sun gaji, ya fara jin ya zame musu kaya. Ranar da doka ta ba shi hanyar fita, zai iya sa hannu saboda kunya kawai, a rubuta cewa zaɓinsa ne.

Sai dai mu ma Kirista muna da gyara. Wasunmu na ɗauka cewa imani ya wajabta a bar mutum a kan na'urar da ke riƙe masa rai a asibiti har abin da hali ya yi. Tun 1957 Paparoma Pius na 12 ya faɗa wa likitoci cewa ba dole ba ne a ci gaba da maganin da wahalarsa ta wuce kima. A dakatar da irin wannan magani, cutar ce ta kashe. A yi allurar mutuwa kuwa, hannun mutum ne.

Cicely Saunders, likita Kirista, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967. Ta nuna cewa a ba da maganin zafin ciwo a kan lokaci, kafin ciwon ya taso, a juya marar lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, a jiƙa masa leɓe da auduga, a zauna a saurare shi. Cocin da ke ƙin waɗannan dokoki, wannan aikin ne ke wuyansa.

Don Allah, Edita, ka aika wakilinka ya zanta da masu irin wannan jinya, mu ji abin da marasa lafiya ke roƙonsu a kwanakinsu na ƙarshe.

Naka,
Wani mai karatu