Ba yunwa kaɗai ke sa saniya ɓari ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Shirinku na makiyaya na ran Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Baƙon da kuka kawo ya kafe a kan cewa yunwar rani da doguwar tafiya ne ke sa shanu ɓari, wai a ba su dussa da ƙwayar auduga, magana ta ƙare. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi, ko sau ɗaya bai tambaye shi batun cuta ba.

To ni shanuna ba yunwa suka yi ba. Bara da kaka ne, ga ciyawa ga harawa, amma shanu uku suka zubar da ciki bi da bi, duka a wata na bakwai. Maraƙi ya fito da gashinsa, a mace. Mabiyiya ta ƙi faɗuwa, tana reto a bayan saniya har ta fara wari, ƙuda ya yi mata baƙi ƙirin. Ɗaya kuma gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa. Da likitan dabbobi ya ɗebi jini aka auna, sai ga bakkale, wadda su ke kira burusela. Ya ce ƙwayar cutar tana cike a jikin ɗan ɓarin da ruwan haihuwa, sauran shanu su lasa, ko su ci ciyawar da ya zuba a kai, ko su sha a kwami ɗaya. Saniyar ma tana iya haihuwa lafiya a ciki na gaba alhali tana ci gaba da shafa wa garke. Wannan fa, buhun dussa nawa zai yi maganinsa?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙanena. Shi ya sa hannu tsirara ya ciro mabiyiyar. Ya yi watanni yana masassara, ta tafi ta dawo, zufa da dare har tabarma ta jiƙe, gaɓoɓi na ciwo, ana ta ɗura masa maganin cizon sauro a banza. Yaranmu kuma ɗanyar madara suke sha a bakin garke. Kun manta 2016 ne, da zazzaɓin kwarin Rift ya ɓulla a jihar Tawa, wajen Cintabaraden da Tasara? Sauro ke yaɗa shi, bisashe suka yi ta ɓari, mutane suka mutu. Daga Tanut zuwa Gure akwai masu saurarenku da suka ɗauka lambar da ake yi wa shanu kowace shekara ta rufe kowace cuta, alhali ta ciwon huhu ce.

Don Allah ku sake shirin nan, ku kawo likitan dabbobi. Ya faɗa wa mutane da Hausa ƙarara: ɗan ɓari a haƙa rami mai zurfi a binne shi, kada a jefa wa karnuka. Wanda zai taɓa ya sa leda a hannu. A ware saniyar, a tafasa madara, sabuwar karsana daga kasuwa kada a cusa ta garke sai an duba ta.

Sannan lambar wayar da kuke bayarwa, ko dai tana kashe ko ta yi ta ƙara ba mai ɗauka, amma kullum mutane biyu zuwa uku ɗin nan na cikin birni ne ke samun shiga, su ɓata lokaci da gaishe-gaishe. Ku gyara wannan ma.

Wassalam.
Mai saurarenku daga Mirya, jihar Damagaram