Ka je asibiti yau, intabiyu sai Alhamis

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da kawunka da iyalinsa. Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina bai kwanta ba tun da ƙanwarka ta yi suɓutar baki jiya da daddare. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce ɗan kwikwiyon da ka tsinto a hanya ya cije ka a hannu, goɗiyar kawunka kuma ta taka maka ƙafa, sannan ka ce ba za ka je asibiti ba sai ka gama intabiyun ranar Alhamis, wai kada allura ta kumbura maka hannu ko ta sa maka zazzaɓi. Na rubuto ne domin in na kira ka a waya, "to Baba, to Baba" kawai za ka yi ta faɗa har mu gama.

Da karen zan fara, domin shi ya hana ni barci. Kare ɗan tsintuwa ba ka san uwarsa ba, ba ka san abin da ya cije shi kafin ka same shi ba, kuma babu mai shaida cewa an taɓa yi masa rigakafi. Ƙanƙantarsa ba ta wanke shi ba, kwikwiyo ma yana ɗaukar ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar a yawu take. In haƙori ya huda fata, sai ta kama jijiya ta riƙa hawa sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, kuma duk tsawon wannan tafiya mutum ba ya jin komai. Rauni ya warke, mai shi ya manta. Yawanci wata 2 zuwa 3 ake yi kafin alama ta fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Cizon hannu da na fuska sun fi muni saboda jijiyoyi sun yi yawa a wurin. Ranar da alamar ta bayyana, zazzaɓi, zugi ko ƙaiƙayi a tabon, maƙogwaro ya riƙa shaƙewa in za a sha ruwa, to likita ba shi da sauran dabara. Kusan duk wanda ya kai nan ba ya tashi. An ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da wannan ciwo duk shekara a duniya, kusan dukkansu ta hanyar kare, alhali allurarsa tana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro a Faransa kuma yaron ya rayu.

Ga abin da za ka yi da zarar ka gama karanta wannan. Ka sa hannun a ƙarƙashin ruwa mai gudana ka wanke da sabulu har minti 15, kana duba agogo, domin minti 2 ma sai ka ga kamar ka daɗe. Ko da kwana biyu sun wuce, ka wanke. Ka zuba aidin, kada ka cusa wani gari ko mai a ciki, kada ka ɗaure shi tamau. Daga nan sai asibiti, yau ɗin nan. Ka gaya musu gaskiya: kare ne wanda ba a san asalinsa ba, kuma jini ya fita. Allurar a dantse ake yinta, ranar farko, sai bayan kwana 3, sai bayan kwana 7, a wani tsarin kuma akwai ta huɗu tsakanin kwana 14 da 28. Ka rubuta ranakun, kada ka tsallake ko ɗaya. Tunda haƙorin ya huda fata, ka tambaye su maganin nan na biyu da ake tsirawa a kewayen raunin kansa. Shi yake tare ƙwayar kafin allurar ta fara aiki, kuma in an wuce kwana 7 da allurar farko ba a ba da shi. Irin wannan rauni ba a son ɗinke shi nan take. Ka ce musu kuma kana aiki a barga, domin kashin doki da ƙasar barga su ne matattarar ƙwayar tetanus, mai sandarar da muƙamuƙi da jiki. In allurarka ta tetanus ta wuce shekara 5, a sake maka.

Karen kuma a killace shi kwana 10 inda yara ba za su kai ba, a riƙa tura masa abinci da ruwa daga nesa, a kira likitan dabbobi. In ya canza hali, ya fara dalalar da yawu, ya ƙi ci, ko ya mutu, a sanar da asibiti a take. Amma ba a jiran kwana goman kafin a fara allura. Ana farawa ne, in kare ya cika kwanakinsa lafiya likita ya ce a tsaya.

Na san amsarka: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada ka kawo min wannan. Cizon ya riga ya faru, wannan shi ne tsautsayin. Zama da shi a gida kana naɗe hannu da hankici, wannan kai ka zaɓa. Me allurar za ta yi maka? Ɗan tsami a dantse, wataƙila ɗan zafin jiki na kwana guda. A kan wannan kake sa ranka a caca? Kuma abin da ya fi ɓata min rai shi ne ɓoyewar. Ka san abin da ɓoye ciwo ya jawo mana a gidan nan, ka san halin da mahaifiyarka ta shiga a shekarar nan, amma ka ɗauko hanyar ka sake bi. Kun sha cewa na cika tsanani tun kuna yara, na hana wannan na hana wancan. Na yarda na hana, kuma ban yi nadama ba. Ma'aikata suna ɗaga ranar intabiyu in an roƙe su da hujja, in ma sun ƙi, wani aikin zai fito. Ni ba ni da wani kai.

Sai ƙafar. In ba ka iya taka ta, ko kumburin yana ƙaruwa, ko yatsa ya karkace, a ɗauki hotonta tunda ka je asibitin. In buguwa ce kawai, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20 sau uku a yini, ka ɗaga ƙafar in kana zaune. Ka gwada takalmin da za ka sa ranar Alhamis tun yanzu, kada sai da safe ka ga ba ya shiga.

Ba na jin goɗiyar nan mugunta ta yi maka. Dabba ce mai kilo 400 zuwa 500, ta sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan, kai kuma hankalinka yana kan tambayoyin da za a yi maka. Doki ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinsa. Shi ya sa ake zuwa masa ta wajen kafaɗa, ana yi masa magana, a ɗora hannu a wuyansa kafin komai. In za ka wuce ta bayansa, ko dai ka matsa jikinsa hannunka na kan ɗuwawunsa, ko ka ba shi tazarar da ƙafarsa ba za ta kai ba. Tsakiyar nan ita ce inda harbi ya fi ƙarfi. In ya kwantar da kunnuwa baya yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ya gama yi maka gargaɗi. In ya sake taka ka, kada ka fizge ƙafa, fata za ta saɓule. Ka tura kafaɗarsa da ƙarfi nauyin ya koma ɗaya gefen. Silifa ba takalmin barga ba ne. Igiyar ragama kuma ba a naɗa ta a hannu, ninke ta ake yi a riƙe, domin in ya zabura da yatsunka zai tafi. A turke, ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya za ka yi.

Mai ruɗaɗɗen hankali shi ke barin ƙofar ɗakin hatsi a buɗe. Doki ba ya amai, in ya cika cikinsa da hatsi ciwon ciki ne, bayansa kuma ciwon kofato da ke iya gurgunta shi. In haka ta faru a kira likitan dabbobi tun kafin a ga alama. In ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayar cikinsa, yana gumi, yana kwanciya yana tashi, ka janye abinci, ka taɓa jijiyar ƙarƙashin muƙamuƙinsa ka ƙirga bugun daƙiƙa 15 ka ninka sau 4. Lafiyayye 28 zuwa 44 yake yi a minti, in ya haura 60 abin ya yi tsanani. Hawa kuwa ka bar shi sai bayan Alhamis. Kyanwar gidan ma ka gaya wa yaran kada kowa ya ba ta farasitamol in ta yi laushi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Yanzu intabiyun. Fargaba ba aibi ba ce. Bushewar baki, rawar hannu, bugun ƙirji, jiki ne yake shirin gudu, kamar yadda doki ke yi in ya ji motsin da bai gane ba. Ka san doki ba a kwantar da shi da tsawa, da sassauta igiya da sassauta murya ake yi. Kafin ka shiga, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga 4, ka sake shi a hankali kana ƙirga 6, sau biyar ko shida. Fitar numfashi mai tsawo ita ke rage gudun zuciya. Daren Laraba ka haɗa takardunka, na asali da kwafi, ka rataye kayanka inda kyanwa ba za ta kwanta a kai ba. Safiyar ranar wani ya ba dabbobi abinci, kai kada ka leƙa barga ko don minti ɗaya. Ka isa da saura minti 15 ko 20.

Ka tanadi misalai uku na aikin da ka taɓa yi: mene ne matsalar, me ka yi, me ya biyo baya. Ka faɗe su da baki a gaban kawunka, amma kada ka haddace, mai hadda in kalma ɗaya ta kuɓuce masa duka ke rushewa. In an yi tambaya ka bar mai tambayar ya dire, ka ɗan yi shiru, sannan ka amsa. Halinka ne ka tari numfashin mutum, kuma sauri ya haifi nawa. In ba ka gane ba ka ce a maimaita. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ka faɗi yadda za ka bi ka gano. In sun tambayi bandejin hannunka, ka ce kare ne ya cije ka kuma kana karɓar allura. Babu mai hankalin da zai rage maka maki a kan haka. In ranar allura ta biyu ta faɗo Alhamis, ka tambayi asibitin lokacin da suke buɗewa da rufewa, ka je kafin intabiyun ko bayansa, a ranar dai.

Na san don tausayi ka ɗauko kwikwiyon nan, tun kana ƙarami haka zuciyarka take, kuma ban taɓa son ka canza ba. Aikin nan ina yi maka addu'a a kansa dare da rana, Allah Ya sa in alheri ne ya zama naka. Mahaifiyarka ba ta san da maganar cizon ba tukuna, kuma ba zan iya riƙe ta fiye da yau ba. In an yi maka allurar ka ɗauki hoton katin ka turo min kafin magariba, in ya so in gaya mata an riga an fara magani. In ban gani ba, gobe da sassafe ina hanya.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare min kai.

Mahaifinka.