A taimaka wa 'yan aji ɗaya da kalkulas tun kafin ya kayar da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ya aiki, ya jama'a, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili, akwai maganar da ta daɗe tana ci min rai game da ƙannenmu masu shiga jami'a ɓangaren kimiyya, kuma yanzu da nake ganin sababbin ɗalibai suna ta murnar samun admishan sai naji ba zan iya yin shiru ba.

Maganar kalkulas ce, lissafin nan da ake yi a aji ɗaya, wasu jami'o'in MTH 102 suke ce masa. Ni bayokemistiri nake karanta, kuma wannan kwas ɗin shi ne ya fara kayar da ni a rayuwata ta karatu. Yawancinmu masu son likitanci ko maikurobayoloji ko irin nawa, Turanci da bayoloji da kemistiri da fizis muka rubuta a JAMB, babu lissafi a ciki, to tun ranar da muka gama WAEC muka samu kiredit muka rufe littafin lissafi muka ce mun rabu har abada. A sakandaren da na yi ma ba a koyar da Further Maths don babu malami. Sai gashi ka shigo jami'a an haɗa ka aji ɗaya da 'yan fizis da 'yan kwamfuta waɗanda lissafi ruwan shansu ne, ɗaruruwan mutane a zaure ɗaya, in babu wuta lasifika ba ta aiki, wanda bai zo da sassafe ya kama gaba ba sai dai ya ga bakin malam yana motsi. Ni daga baya nake zama, in an tashi in ruga in ɗauki hoton allo da waya kafin a goge. Ba na ganin laifin malamin wallahi, mutum ɗaya ne da taron da ya fi na ɗaurin aure, ta ina zai san wacece ta gane wacece ba ta gane ba?

To me muka yi? Hadda. An ce in ka ga x² ka sauko da lambar sama gaba ka rage mata ɗaya, ya zama 2x, shikenan muka haddace kamar karatun da babu fassara. Me 2x ɗin yake nufi, me ya haɗa shi da jini ko magani ko ƙwayar cuta, babu wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Ranar jarrabawa aka ɗan juya tambayoyin kaɗan, sakamako ya fito na ga F, kari-oba, wato sai na sake rubuta kwas ɗin. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ana cikin haka ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, wanda bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur muna gida. Yayana ne ya ce min maimakon ki zauna kina jiran labarin yajin aiki a rediyo, ki je ki kama wannan lissafin da ya kayar da ke, akwai shi kyauta a intanet. Shi ya sa min manhajar Khan Academy a waya, ya kuma nuna min laccocin jami'ar MIT ta Amurka, kwas ɗinsu mai lamba 18.01 wanda Farfesa David Jerison ya koyar, duk suna YouTube, har tsofaffin jarrabawoyinsu da amsoshi suna shafinsu ba ko sisi. Sai in jira dare ya raba lokacin da data take araha in sauke bidiyon, da safe in kai wayar wurin mai caji, da rana in kalla.

Nan ne nake so ƙannena su saurare ni da kyau, don nan na yi kuskuren da ya cinye min kusan sati uku. Kallo kawai nake yi. Ina kwance a tabarma, malami yana warware lissafi tsaf-tsaf a allo, ina gyaɗa kai ina cewa ashe abin ba wuya, bidiyo ya ƙare in danna na gaba. Ranar da na ɗauko takardar tambayoyin da na faɗi nace bari in gwada kaina, wallahi layi biyu ban iya wucewa ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a lissafi gani bai kori yi ba, abin da ido ya gani in hannu bai rubuta ba bai zauna ba. Kuma da na duba inda nake maƙalewa sai na ga ba kalkulas ɗin ne matsalata ba, aljabara ce. Haɗa firakshan biyu masu x a ƙasa, buɗe baka, log, sine da cosine, abubuwan SS1 da SS2 har da na JSS, su ne suka zube. Gini ne ake ta ɗora masa bulo alhali tushen ya zaizaye.

Sai na ajiye na MIT tukuna don ya yi min sauri, na koma baya ba kunya, na sayi littafin rubutu mai ganye 80 na fara daga firakshan. Daga baya na shiga kwas ɗin gabatarwa ga kalkulas na Jami'ar Sidni ta Ostareliya a Coursera, shafin kwasa-kwasai na intanet, wanda David Easdown yake koyarwa, kashi biyar ne kuma abin da ya burge ni kashin farko gaba ɗaya gyaran tushe ne kafin a taɓa kalkulas ɗin, ga tambayoyin gwaji bayan darussa da za su nuna maka gaskiyarka. Na kafa wa kaina doka, da zarar malami ya rubuta tambaya sai in tsayar da bidiyon in yi da kaina, ko daidai ko kuskure, sannan in sake shi in ga inda muka rabu. Bidiyon minti goma sai ya ci min awa ɗaya. Wannan tsayarwar da maimaitawar ita ce abin da zauren lacca bai taɓa ba ni ba, a waya malami ba ya gajiya, sau goma za ka mayar da shi baya ba zai ce ke ba ki ji ba ne.

Bari in gaya muku ranar da abin ya buɗe min. Misalin dutse ne da aka saki daga sama. Nisan da ya faɗo a mita shi ne 4.9 sau t², t ɗin daƙiƙoƙi ne. A daƙiƙa 3 ya faɗo mita 44.1. Tambayar ita ce, a daidai wannan ƙiftawar idon, da wane sauri yake tafiya? Gudu ai sai da tazara ake auna shi, nisa a raba da lokaci, to ya za a yi da lokacin da ba shi da tsawo? Na ɗauki kalkuleta na auna tsakanin daƙiƙa 3 da 3.1, na samu mita 29.89 a daƙiƙa. Na matso, tsakanin 3 da 3.01, na samu 29.449. Na ƙara matsowa, lambar sai ƙara kusantar 29.4 take yi. Sai na gwada dokar nan da na haddace, na sauko da 2 ɗin ya ninka 4.9, ya zama 9.8 sau t, sau 3 kenan, ya ba ni 29.4 cif. Na daɗe ina kallon takardar. Ashe limit ɗin da ake ta faɗa mana wannan matsowar ce, ashe difaranshiyeshan saurin canjin abu ne a nan take, irin abin da allurar gudu take nuna wa direba a gaban mota. Shekara guda ina rubuta shi ban san shi ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, intagireshan, a bakin famfon gidanmu na gane shi. In an kawo ruwa da farko yana zuwa da ƙarfi, can ya rage, can ya koma tsiyaya, to nawa ya taru a duro? Ba za ka ce ƙarfi sau lokaci ba tunda ƙarfin ba ɗaya ba ne, sai dai ka yanka lokacin gutsure-gutsure, kowane gutsure ka lissafa ɗan abin da ya zuba, ka tara. Kuma saurin da ruwan duron yake ƙaruwa shi ne dai ƙarfin famfon a wannan lokacin, wato su biyun ɗaya juyin ɗaya ne, kamar ɗauri da kwancewa. Wannan ita ce babbar ƙa'idar kalkulas ɗin gaba ɗaya.

Da farko Mama faɗa take min, ke wai wannan wayar ba za ki ajiye ta ba, kin tashi kin kwanta da ita. Ban ga laifinta ba, daga nesa mai karatu da mai kallon TikTok kamarsu ɗaya. Sai wata rana tana shara ta ɗaga littattafan nan, lokacin sun kai uku duk sun cika da lissafi har bango, ta buɗe tana dubawa duk da ba ta yi boko ba, ta ce min duk wannan ke kika rubuta? Tun daga ranar in na zauna sai ta kori yara waje, ranar da ta ɗauki adashe kuma ta kira ni ɗaki ta ba ni kuɗi ta ce ki sa abin nan naku na waya.

A cikin karatun na ci karo da wani labari da ya ƙarfafa min gwiwa. Shi kansa Isaac Newton, annoba ce ta sa aka rufe jami'ar Kambirij a 1665 ya koma gidansu a ƙauye, a wannan zaman ne ya yi babban aikinsa a kan wannan lissafi. Leibniz na Jamus ya gano shi daban ya buga a 1684, alamomin dy/dx da doguwar S ɗin nan da muke rubutawa nasa ne. Tun kafin su da ɗaruruwan shekaru Ibnul Haisam a Misira ya yi amfani da irin wannan tarawar ya lissafa girman cikin wata siffa mai kama da ƙwarya. Na so a ce ranar farko a aji an fara mana da wannan, da da yawa cikinmu ba su ɗauke shi dodo ba.

Da aka koma makaranta na sake rubuta kwas ɗin na ci da kyau, Alhamdulillah. Amma ribar gaske sai a gaba na gan ta. A darasin saurin haɗuwar sinadarai sai ga dC/dt, wato saurin canjin yawan sinadari, a darasin enzayim saurin farko da ake ta magana ashe gangaren layin giraf ne a farkonsa, difaranshiyeshan ɗin nan dai, yadda magani yake raguwa a jini rabi bayan rabi shi ma lissafin ne. Ƙwayar E. coli in ta samu yanayi mai kyau a lab kusan duk minti 20 take ninkawa, guda ɗaya tak cikin awa takwas ta haura miliyan 16, kuma dalilin shi ne saurin ƙaruwarta ya danganta da yawanta a lokacin, dN/dt = kN. Wasu ƙawayena da suka tsallake kalkulas da hadda sai da suka sake wata haddar a nan, ni kuwa tsohon sani na gani.

Ba ina cewa intanet ta wadatar ba fa. Turancin malaman yana da sauri, sai na kunna rubutun ƙasa sannan nake bi. In ka maƙale tsakar dare babu wanda za ka ɗaga wa hannu. Takardar shaidar da suke bayarwa ba ta goge maka kari-oba, dole ka zauna jarrabawar makarantarku, kuma salon tambayar malaminka daban ne don haka kar ka yar da handawut ɗinsa da tsofaffin tambayoyi. Ga kuɗin data, ga wuta, akwai 'yan ajinmu da ko babbar waya ba su da ita, wasu a ƙauyensu netwok ɗin ma sai an hau tudu. Waɗannan su suka fi damuna, don ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba.

Shi ya sa nake roƙon malamanmu na sashen lissafi, don girman Allah ku ɗauki laccocin aji ɗaya a bidiyo, ko da waya ce da farin allo, a zuba su a kwamfutocin laburare yadda ɗalibi zai zo da wayarsa ko filash ya kwafa ba sai ya sayi data ba. A haɗa da tambayoyin kowane mako da amsoshinsu, don su ne karatun. Buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN ta daɗe da zuba littattafan kwasa-kwasanta a intanet kowa ya sauke, ashe abin mai yiwuwa ne. Kuma cikin malamai da 'yan aji huɗu da masu digiri na biyu akwai waɗanda za su iya yin bayanin nan da Hausa tsantsa, alamomin a bar su yadda suke amma bayanin ya zo da harshen da yaro yake tunani da shi. Na gwada da wasu 'yan aji ɗaya a hostel, misalin famfo da duron nan kawai na ba su, wata ta ce min Anti dama abin kenan?

Iyaye kuma in kun ga yaro da waya ku duba ko akwai biro da littafi a gefensa, in akwai ku taimaka masa da data da wurin da ba hayaniya. Su kuma waɗanda suka samu admishan suna zaune a gida suna jiran a kira rajista, watannin nan kar a kashe su a banza. Ƙanwata tana cikinsu, maikurobayoloji aka ba ta, na saya mata littafi mai ganye 80 na sa mata Khan Academy, satin nan muna kan firakshan, in mun gama mu shiga log.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka. Wassalam.

Taku,
Wata ɗalibar kimiyya, daga Malumfashi