A Riƙa Duba Ciwon Baya Tare Da Ciwon Damuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman ma'aikatan lafiya, kan alaƙar da ke tsakanin ciwon ƙasan baya da ciwon damuwa, alaƙar da ake yawan kau da kai daga gare ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma ana hasashen za su kai miliyan 843 nan da 2050. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo ba a gano wata takamaimiyar cuta da ta haddasa shi. Ke nan mutum zai je asibiti yana dafe da ƙugu, a ɗauki hoto, a ce masa ba a ga komai ba, ya koma gida da ciwonsa da kuma zargin cewa raki yake yi. Daga nan zuciya kan fara karaya.

Cututtukan biyu suna rura wa juna wuta. Ciwon da ya wuce wata uku yana hana barci da aiki da shiga jama'a. Damuwa kuma tana ƙara wa raɗaɗi kaifi, domin sinadaran ƙwaƙwalwa irin su serotonin da noradrenalin suna da hannu a yanayin zuciya da kuma yadda jiki ke danne zafi. Wanda damuwa ta kama yakan daina motsi, jijiyoyinsa su sage, bayansa ya ƙara ciwo.

Lamarin yana sauya kama gwargwadon shekaru. Matashi yakan zama mai saurin fushi, ya daina wasa, karatunsa ya ja baya, iyaye su kira abin lalaci. Masu shekara 50 zuwa 55 kuwa, waɗanda a cikinsu aka fi samun masu wannan ciwo, su ne ke ɗauke da nauyin iyali, don haka magidancin da ya kasa sunkuyawa ya ɗauki ɗansa, ko uwar da ke kwana tana juyi a shimfiɗa, tunanin abin da za a ci gobe ke cin su fiye da ciwon kansa. Amma tsofaffi ne suka fi ba ni tausayi. Dattijo zai riƙa dafa bango kafin ya miƙe, ya rage cin abinci, ya daina hira, in an tambaye shi ya ce ba komai, sai kowa ya ce ai tsufa ne. Sau da yawa damuwa ce da ake iya magancewa, kuma cika shi da ƙwayoyi irin su ibuprofen yana iya illata masa ciki da ƙoda.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da daɗaɗɗen ciwon baya, inda ta goyi bayan wayar da kan majinyaci, motsa jiki da tattaunawa da ƙwararru kan halayyar ɗan Adam, ta kuma yi hani da ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu kama jiki, dangin Tramadol. Roƙona ga likitoci da ma'aikatan jinya shi ne, duk wanda ya zo da ciwon baya da ya daɗe, a tambaye shi yadda yake barci, da ko ya kai mako biyu yana cikin ƙunci ba ya jin daɗin komai, sannan a haɗa shi da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa idan amsarsa ta nuna buƙata.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarka