Godiya ga sutudiyon da ya naɗi kalangun Babanmu

Assalamu alaikum. Na rubuto wannan ne don in gode wa ma'aikatan wani sutudiyo da ke Zoo Road a Kano, musamman injiniyan sautinsu, a gaban jama'a, domin abin da suka yi mana ya wuce a ce na gode a waya a kashe.

Babanmu makaɗin kalangu ne, na mahauta, gadonsa ya yi, yanzu tsufa ya kama shi hannu ya fara rawa, shi ne muka ce bari mu naɗi kiɗansa tun yana da sauran ƙarfi. Wurin da muka fara zuwa ba zan kama suna ba, amma wallahi da na ji abin da suka ba mu sai da na yi ƙwalla. Sun danne kalangun da fiyano, sun zuba wa muryar tsoho otocun, wato manhajar gyara murya, har ta koma kamar ta yaro, Baba ya saurara ya ce wannan wane ne?

A sutudiyon Zoo Road kuwa injiniyan bai taɓa kwamfuta ba sai da ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce Baba a ɗan taɓa mana mu ji. Ya yi kusan minti 20 yana zagaya ɗakin yana sauraro kawai. Daga nan ya kashe fanka da esi, duk zafin nan, ya sa makirufo biyu, ɗaya ta fuskar da ake bugu ɗaya ta bayan gangar wajen taƙi guda tsakani, ya ware wa kuntuku, ƙaramar gangar da ke raka kalangu, nasa daban. Ya ce mini kalangu magana yake yi, in Baba ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, in ya saki ya sauka, to in ka matse sautin da yawa a miksin, wato wajen haɗa sauti, ka kashe maganar kenan. Ni ɗan gidan kiɗa ne amma ban taɓa jin wani ya faɗe shi haka ba.

Ranar farko ma cewa ya yi mu koma gida. Damina ce, fatar ta sha sanyi ta saki, ya ce a shanya ta a rana mu dawo gobe, kuma bai caje mu kuɗin ranar ba. Wani da ya naɗa haka nan ya karɓi kuɗinsa, wa zai sani? Da aka ɗauke wuta aka tayar da janareto wani gurnani ya shigo layin, ni ko ji ban yi ba, shi ya tsayar da aiki ya ce ƙarar wuta ce ta 50 haz, ya canza waya ya gyara, sannan aka ci gaba.

Mutane suna ta tambayata yaya ake gane ƙwararren mai haɗa sauti, gaskiya ni yanzu ba na kallon tarin na'ura ko manhajojin haɗa sauti irin su FL Studio da Cubase, kowane yaro yana da su a laftof. Takardar rajista a bango tana da kyau, amma ba ita ke da kunne ba. Wannan bawan Allah da ya gama sai da ya saurari aikin a manyan sifikunsa, ya sa a ƙaramar waya, ya fita ya sa a rediyon mota, ya dawo ya rage wani abu kaɗan. Ya ba mu asalin fayil ɗin WAV, mai cikakken inganci, a filash bayan MP3, ya ja mini kunne kar in tura shi a WhatsApp a matsayin odiyo don zai rage masa inganci, in tura a dokumen.

Da Baba ya sa hedifon ya ji taken mahauta da ya kaɗa, shiru ya yi, sai yatsunsa suka fara motsi a kan gwiwa, ya ce yauwa, wannan ni ne.

Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifa. Da yaron da ya riƙa kama hannun Baba a matattakala, shi ma mun gode ƙwarai. Baba ya ce akwai sauran taken da bai kaɗa ba, in Allah ya kai mu bayan Sallah muna nan tafe.