Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Kwamfuta da Sauya Faifan Ajiya

Assalamu alaikum ƴan uwa membobi. Kwamitin da kuka ɗora wa gyaran ɗakin kwamfuta na cibiyarmu da ke unguwar Zariya, nan Maradi, ya kammala aikinsa. Ga yadda aka yi.

Ginin bai ba mu wahala ba. Ruwan damina ya ɗaga kwanon rufi ta kusurwar gabas, silin ya jiƙe ya lotsa, bango ya tsage daga taga har ƙasa. Magini ya fasa tsagar ya ɗaure ta da rodi da siminti, kafinta ya canza katako da kwano. Tagar arewa an sa mata gilashi saboda ƙurar hunturu, wadda ke toshe fankokin kwamfuta. An sake jan waya, an ƙara sola da batir don kada babbar kwamfutar ta riƙa mutuwa duk sanda aka ɗauke wuta.

Inda aikin ya ci lokaci shi ne babbar kwamfutar. Linux take amfani da shi, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma a cikinta rajistar membobi take, da takardun da aka ɗauki hotonsu, da ayyukan ɗalibai. Faifanta ya fara ƙara, sai muka ga tunda za a kwashe ɗakin, gara a sauya shi gaba ɗaya.

Kowane dare kwamfutar tana yin kwafi da manhajar rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Kowace rana da jakarta, har kwana 30. Amma fayil ɗin da bai canza ba, ba a sake rubuta shi. Sai a ba shi ƙarin suna a jakar sabuwar rana. Wannan tagwayen suna shi ne hadlink: sunaye da yawa, bayanai guda, lambar inod guda, wato lambar da kwamfuta ke gane fayil da ita a faifai. Mutum ɗaya ne, Sani a gida, Malam a kasuwa, sai baƙon mai ƙidaya ya zo ya rubuta mutum biyu. Haka kwafin da bai san hadlink ba yake yi: fayil mai gigabait 1 da ya kwana 30 a ajiya zai koma gigabait 30.

Matashin da ke kula da injinanmu ya nace sai an yi gwaji a gaban kwamiti kafin a taɓa tsohon faifai, kuma Allah ya yi masa albarka. Ya kunna rsync da zaɓin -a kaɗai, wanda mutane da yawa ke ɗauka yana kwashe komai. Sabon faifan ya fi tsohon girma, amma muna zaune muka ga ya cika aikin bai kai rabi ba. Shugaban kwamiti ya ce, "Kai yaro, ko dai an sayar mana da jabu?" Ya ce, "A'a Baba, faifan lafiya lau yake." Ya buga ls -li, umarnin da ke jera fayiloli da lambobinsu, ya nuna mana fayil guda a jaka biyu: a tsohon faifai lambar inod iri ɗaya ce, adadin sunaye ma ga shi nan a gefe, a sabon kuwa kowane da lambarsa, adadin ya koma 1. Zaɓin -a bai haɗa da -H ba, kuma -H ne ke kiyaye tagwayen suna.

Bai haɗa da -A da -X ba kuma. Na farkon shi ke ɗaukar izini na musamman, irin wanda ya sa malami ke buɗe jakar kowane ɗalibi amma ɗalibi ba ya leƙa ta ɗan uwansa. Na biyun yana ɗaukar ƙarin sifofin da ke manne da fayil, waɗanda a wasu tsarin Linux ko ping, umarnin gwada ko wata kwamfuta na amsawa, ba ya aiki in sun ɓace. Saboda haka aka goge, aka sake da -aHAX, da ikon babban mai kula, tare da --numeric-ids, don mai fayil ya tafi da lambarsa, kada sunaye su rikice a hanya.

An ɗan yi gardama a kan faifan waje, wanda za a riƙa ajiye kwafi a kai. Ma'aji, wanda aikinsa ne ya tsuke bakin aljihu, ya ba da shawarar a yi amfani da wanda muke da shi yadda yake, tunda kowace kwamfuta tana karanta shi. Sai dai tsarinsa na jera fayiloli exFAT ne, kuma shi da ɗan uwansa FAT32 ba su san hadlink ba, ba su riƙe mai fayil ko izininsa. FAT32 ma ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4. In aka maido da tsari daga irin wannan kwafi, sudo, umarnin da ke ba da ikon babban mai kula, zai ƙi aiki don alamarsa ta musamman ta salwanta, takardun membobi kuma su zauna a buɗe ga kowa. Kwamiti ya sayi wani faifan aka tsara shi da ext4, tsarin Linux da ke riƙe duk waɗannan. A ganinmu, kuɗin nan ya fi na gilashin taga amfani.

Akwai abin da rsync ba ya ɗauka ko da an haɗa duk zaɓin nan: kullen da ake sa wa fayil da umarnin chattr don kada a goge shi. Waɗannan an jera su da umarnin lsattr, aka mayar da hannu bayan kwafi.

Ba mu karɓi aikin ba sai da aka maido da tsarin a kan wata kwamfuta daban, ta tashi, malami ya shiga, ɗalibi ya shiga, aka gwada buɗe jakar da ba tasa ba ta ƙi. An auna girman ajiya da umarnin du a tsohon faifai da sabon, ya yi daidai. Tsohon faifan yana cikin akwatin ofis, ba a goge shi ba.

Abin da ya rage: fenti na waje, da ƙarfen ƙofar baya da mai walda bai kawo ba tukuna. Muna kuma roƙon babban taro ya naɗa mutum biyu da za su riƙa gwada maido da kwafi duk wata uku, faifan waje kuma ya riƙa kwana a wani gida, ba cikin ɗakin ba. Rasit da littafin kuɗi suna wurin ma'aji ga duk mai son dubawa.